Yaron Ya Iya Hira Da Harshen Makaranta, To Me Ya Sa Yake Faɗuwa A Jarrabawa?

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa.

Yaron da ya shiga aji ɗaya yana jin harshen malaminsa, aiki guda ne a gabansa: ya koyi karatu da rubutu da lissafi. Wanda ya zo da wani harshe daban kuwa, kaya biyu aka ɗora masa. Sai ya fara gano me malam yake faɗa, sannan ya nemi darasin da ke cikin maganar. Ranar jarrabawa kuma takarda iri ɗaya za a miƙa musu.

Irin waɗannan yara ba kaɗan ba ne. A shekarar 2016 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya ba sa samun ilimi da harshen da suke ji. Kuma hukumar ta daɗe tana wannan magana, domin tun 1953 ta ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaro yana koyon karatu ne ta hanyar haɗa baƙi da sauti, sautin ya ba shi kalma, kalmar ta ba shi ma'ana. Idan kalmar ba ta cikin kansa, zai iya furta ta daidai ba tare da ya ɗauki komai ba. Shi ya sa za ku ga aji guda yana maimaita abin da ke kan allo da babbar murya, amma a ce wa ɗaya ya yi bayani, sai ya sunkuyar da kai. Daga nan malam ya koma ba da hadda, yaro kuma a fara ce masa daƙiƙi.

Ga inda manya suka fi ruɗuwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu, wannan yaro zai fara hira da sa'o'insa da harshen makaranta, har da tsokana da gardama. Malamai su ce ai ya iya, a janye masa duk wani tallafi. Wani masani mai suna Jim Cummins, wanda ya yi aikinsa a Kanada, shi ne ya nuna kuskuren wannan lissafi tun ƙarshen shekarun 1970. Harshen hira daban, harshen littafi daban. A wajen hira akwai fuska, akwai nuni da hannu, akwai damar cewa "me ka ce?" A cikin littafin kimiyya kuwa daga kai sai jimla mai tsawo da kalmomin da ba wanda yake furtawa a filin wasa. Harshen hira yakan samu cikin kamar shekara 2, amma na karatu yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7 kafin yaro ya kamo waɗanda suka tashi da shi. Su kuma ba tsayawa za su yi su jira shi ba.

Yanzu ku duba yadda tsarin yake a ƙasashe da yawa: a koyar da harshen gida zuwa aji uku, a aji huɗu a juya kacokan zuwa harshen hukuma. Wato daidai lokacin da littattafai suka fara nauyi, lokacin ne ake raba yaro da harshen da yake tunani da shi.

Wani zai ce, to ai a Kanada an jefa yara cikin baƙon harshe tun ranar farko kuma sun yi fice. Gaskiya ne. A 1965, a garin St. Lambert kusa da Montreal, iyaye masu jin Ingilishi sun nemi a koyar da 'ya'yansu da Faransanci, kuma abin ya yi kyau. Amma ku lura da yanayin. Duk yaran ajin daga wuri ɗaya suka fara, ba wanda ya riga wani. Malamansu suna jin Ingilishi, don haka yaro yana iya tambaya da harshensa a fahimce shi. Daga baya an shigo da darasin Ingilishi, ga shi kuma harshe ne mai daraja a gida da waje. Ƙari aka yi musu, ba musanya ba. Yaron da ya fito daga ƙaramar ƙabila kuwa yakan tarar da malamin da ba ya jin ko kalma ɗaya daga bakinsa, a wani zamanin ma har hukunci ake yi masa. A yankin Wales na Birtaniya, a ƙarni na 19, wasu makarantu kan rataya wa yaro katako a wuya idan aka ji shi yana harshen gidansu.

Maganar ta kai har kotu. A 1974 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lau da Nichols, kan ɗalibai 'yan asalin Sin kimanin 1,800 a San Francisco. Kotun ta ce bai wa yara littafi ɗaya da malami ɗaya ba adalci ba ne muddin wasunsu ba sa jin harshen da ake koyarwa.

To idan aka bar harshen gida ya daɗe fa? A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci duk shekaru 6 na firamare, Ingilishi kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Yaran sun fi takwarorinsu ƙoƙari a darussa da dama, kuma Ingilishinsu bai koma baya ba. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki, alhali bai kamata ba: wanda ya gane yadda ake karatu da harshe ɗaya, ba sai ya sake koyo daga tushe ba idan ya koma na biyu.

Sai dai faɗa ya fi yi sauƙi. Iyaye da yawa su ne na farko wajen ƙin tsarin, kuma ban ga laifinsu ba, domin sun san da wane harshe ake rubuta jarrabawa da neman aiki. Ana buƙatar malamin da ya iya rubuta harshen, ba furta shi kaɗai ba, ga littattafai, ga kalmomin lissafi da kimiyya da sai an zauna an ƙirƙira. Sannan tambayar da ta fi kowace ƙaiƙayi: harshen wa za a ɗauka? Sau da yawa babban harshen yanki ake zaɓa a kira shi harshen uwa, sai ɗan ƙaramar ƙabila ya wayi gari da baƙin harsuna biyu maimakon ɗaya.

Ƙasar Filifin ta ci karo da wannan. A 2012 ta fara koyar da ƙananan azuzuwa da harsunan gida, har aka kai harsuna 19 a hukumance, a ƙasar da ke da sama da 150. An yi ta kukan ƙarancin littattafai da ƙarancin horon malamai, ga azuzuwan birni da yara suka fito daga gidaje masu harsuna daban-daban. A 2024 sabuwar doka ta mayar da koyarwa ga Filipino, wato harshen ƙasa, da Ingilishi. Harshen gida kuma aka bar shi a matsayin zaɓi, a azuzuwan da duk yaran harshe ɗaya suke yi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.