Jan Ruwa, Baƙin Ruwa da Kifin Gulbin Isa

(An rubuto daga faifan laccar da wani malamin nazarin halittun ruwa ya gabatar a Yamai.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu Sarkawa da ke zaune a sahun gaba, ku yi mini aikin gafara, yau na ɗauko gishiri zan kai talla Bilma. Inda na kauce ku gyara mini.

Gulbin nan namu sau biyu yake cika a shekara. Cikar farko ita ce jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararo mana daga wajen Burkina, da laka da komai. Ta biyu baƙin ruwa, ruwan saman da aka yi a duwatsun Gine. Shi ba ya sauri. Sai ya bazu a fadamun Mopti a Mali, laka ta kwanta, sannan ya iso mana cikin sanyi, wajen Janairu, garau da shi.

Me ya haɗa wannan da kifi? Ai shi ne komai. Yawancin kifinmu ba a tsakiyar gulbi suke zuba ƙwai ba. Da ruwa ya fara hawa, sai su bi shi zuwa gefe, cikin burgu da ciyawar da ruwa ya shanye. Bargi sheƙa yake yi a ciyawa kamar tsuntsu, ya tsaya gadi. Yauni ma haka, tasa sheƙar tana shawagi bisa ruwa. Tarwaɗa kuwa ruwan da bai wuce idon sawu ba ya ishe ta. A nan 'ya'yan ke samun ƙwari su ci, su kuma ɓoye wa tsage da giwan ruwa. In ruwa ya daɗe a fadama, sai su koma gulbi da ƙarfinsu. In ya janye da wuri, tsuntsaye su sha biki.

Ba da ka muke faɗa ba. Masu bincike kan ɗauki ɓawon jikin kifi, ko wani ɗan dutse da ke cikin kunnensa, su sa a madubin likita. Zobe-zobe ne a jiki, kamar na kututturen icce, suna nuna lokacin da kifin ya ƙoshi da lokacin da ya sha wuya. A fadamun Mali an jera lissafin shekaru masu yawa, aka ga kamun masunta yana bin faɗin ƙasar da ruwa ya rufe.

To ku dubi abin da muka gani da idonmu. A Yunin 1985 gulbi ya tsaya cak a nan Yamai, mutane suna ƙetarewa da ƙafa. A Satumban 2020 kuma ma'aunin tsayin ruwa ya kai santimita 700, unguwannin Lamorde da Kirkisoye da Saga suka nutse. Wani zai ce ai shekarar kifi ke nan. A'a. Daji ya ƙare, ƙasa ta yi fako, ruwan sama ba ya shiga, sai ya taho a guje da rairayi, ya cike guraben da manyan kifaye ke fakewa da rani. Fadamun kuma mun killace da yawansu da ganuwa don noman shinkafa. Ba laifi, shinkafar nan na ci ta jiya da dare, amma kifi bai da ƙofar shiga.

Sai baraj ɗin Kandaji, kusa da Ayeru, kilomita wajen 180 sama da nan. Manufar baraj ɗin har da tabbatar wa Yamai kubik mita 120 a kowace daƙiƙa da rani. Madalla, ba mai son 1985 ta dawo. Sai dai ni abin da nake roƙo, a rubuta kalandar kifi cikin dokar buɗe ƙofofin: ruwa ya hau lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai, ya zauna a fadama, ya sauka sannu-sannu. Ruwan da aka daidaita bai hawa bai sauka yana shayar da gari, amma bai gaya wa bargi lokacin yin sheƙa. Kuma tunda baraj ɗin Selinge da na Markala a Mali na samanmu, na Kainji a Najeriya na ƙasanmu, maganar ta ƙasashe 9 ce, kuma hukumarsu ta gulbin ga hedikwatarta nan cikin Yamai.

Sarkin ruwa, na ga kana murmushi. Saura taku. Mai jan taru da gidan sauro a bakin fadama, yana kwashe 'ya'yan karfasa kamar ɗan yatsa, wa zai hana shi in ba ku ba? Ga makirfon, bismilla.