Lacca: kalmar glamour da malamin da aka mayar boka

To jama'a, abu uku zan faɗa a kan kalmar Turancin nan glamour, wadda yau ake nufin kwalliya da ɗaukar ido da ita. Na baya kuna ji na dai ko? Madalla.

Na farko, asalinta babu ruwanta da kwalliya. A bakin mutanen Sikotilan rufa-ido take nufi, a yi maka asiri ka ga abu ba yadda yake ba. Kuma daga grammar ta fito, wato nahawu, r ce ta koma l, kamar yadda wani zai ce harshe wani ya ce halshe. A zamanin da wanda ya iya nahawun Latin shi ne malami, talaka kuwa in ya ga mutum ya duƙufa kan manyan littattafan da shi bai iya karantawa sai ya ce lallai da wata a ƙasa.

Walter Scott, marubucin Sikotilan, shi ne ya yayata ta a wata doguwar waƙarsa ta 1805, inda a labarin aka buɗe kabari a garin Melrose na Sikotilan aka ɗauko littafin asiri, wani ɗan aljani ya karanta laƙani ɗaya tak a ciki, laƙanin glamour da ke sa yanar gizo-gizo a bangon kurkuku ta zama labulen fada, bukka ta zama gidan sarki, tsoho ya koma yaro. To kabarin wa? Michael Scot, kuma nan ne abin yake min ciwo wallahi. Mutumin nan an yi shi da gaske, malami ne, ya je Toledo a ƙasar Sifen ya zauna da littattafan Larabci, a 1217 ya fassara littafin falaki na Bitruji, malamin Andalus, zuwa Latin, ya fassara littattafan falsafar Ibn Rushd, Ibn Rushd fa jama'a! Sarki Frederick na biyu, mai mulkin Sisili da Jamus, ya ɗauke shi fadarsa. Amma me aka riƙe? Wai boka ne. Dante ma, mawaƙin Italiya, a waƙarsa cikin wuta ya jefa shi tare da 'yan duba. Mutum ya ƙarar da idonsa kan fassara, fassara fa, sakayyarsa kenan.

Na uku... au na biyu ko? Robert Burns, mawaƙin Sikotilan, shi ma ya yi amfani da kalmar, mu wuce.

Na'am Hajiya? Tana tambaya yaya aka yi ta koma kan 'yan fim. To a hankali tsafin ya zube aka bar ɗaukar idon, zuwa shekarun 1930 a Amurka taurarin Hollywood ake kira da ita, fitila da hoda da kyamara. Ga mai kiran salla can ya miƙe, sauran tambayoyin sai mun idar.