Abin da Malami Zai Duba Kafin Ya Shiga Karatun Gaba da Digiri ta Intanet

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe, iyayena malamai da 'yan'uwana abokan aiki, an nemi in yi magana a kan yadda malami zai tantance shirye-shiryen karatun gaba da digiri da ake yi ta intanet, ganin yadda tallarsu ta cika mana wayoyi, kowace makaranta tana cewa nata ya fi sauƙi kuma ya fi sauri.

Ni a wurina, tambayar da ta riga maganar kuɗi da ta lokaci ita ce: wa zai karɓi wannan takarda idan an gama? A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce ke amincewa da jami'a, kuma amincewa da jami'ar daban ne da amincewa da kwas ɗin da za ka karanta, haka ma izinin koyarwa daga nesa abu ne mai zaman kansa. Takardar da aka samo daga waje kuwa, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta auna ta. Ba mu manta ba, a watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida. Na san wata malama da ta shekara biyu tana tsimin albashinta tana biyan wata makarantar waje, ranar da ta kai takardar domin ƙarin girma aka mayar mata da ita a cikin ambulan ɗin da ta kawo ta. Har yau abin yana yi mini ciwo. Saboda haka, a nemi izinin tafiya karatu a rubuce daga ma'aikata ko hukumar da ake yi wa aiki tun kafin a biya ko sisi.

Sannan a san abin da ake nema. Wanda ya karanta Kimiyyar Sinadarai ko Tarihi ba tare da darasin koyarwa ba, difilomar koyarwa ta gaba da digiri, wato PGDE, ita ce buƙatarsa, domin ita ce za ta ba shi damar rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, wadda aka kafa a 1993. Digiri na biyu a fannin ilimi na wanda ya riga ya sami wannan tushe ne. A nan gida, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana horar da malamai daga nesa. Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyarta ta koyarwa daga nesa.

Wajen kwatanta su, kada a tsaya ga kuɗin da aka rubuta a talla. Akwai kuɗin rajistar darussa, da na jarrabawa, da na kundin bincike, da na data, da kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa. Mai biya da dala kuma ya tuna yadda Naira ta faɗi tun daga watan Yunin 2023. A kuma tambaya ko ana ajiye laccocin domin a sauke daga baya, saboda malamin da ya dawo gida bayan la'asar da tarin littattafan yara a leda, aka ɗauke wuta, wayarsa kuma tana wurin mai caji, ba zai iya halartar darasin kai-tsaye na ƙarfe takwas ba.

Abin da na fi ba wa muhimmanci bayan wannan shi ne aikin aji. Shirin da bai tanadi wanda zai zo ya zauna a bayan ajinka ya ga yadda kake koyarwa ba, bai cika shirin horar da malami ba. Ku nemi mutum biyu ko uku da suka kammala, ku tambaye su wa ya duba musu koyarwa, da kuma wata nawa suka jira kafin mai duba kundinsu ya dawo musu da babi na farko.