Koyon Jamusanci da waƙa: laccar da aka rubuta daga faifan murya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla, a ɗan rage surutu ta wajen taga. Abubuwa uku na zo da su kan yadda waƙa za ta taimake ku a Jamusanci, wato kunne, sai jinsin kalma, sai kuma zaɓen irin waƙar da za a saurara.

Na farko kunne. Jamusanci yana da sautuka da bakinmu bai saba da su ba, irin ü da ö, da kuma ch ɗin nan mai fuska biyu. Wanda ke cikin Nacht wanda ya yi Islamiyya ya riga ya iya shi, kusan harafin kha ne na Larabci, amma wanda ke cikin ich daban ne, a gaban baki yake fita, laushi gare shi. Mawaƙi yana jan wasali, yana maimaita amshi sau da yawa, kai kuma kana binsa ba tare da ka ji kunya ba tunda ba mai kallonka. Wannan ke nan.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, kuma ku yi haƙuri zan daɗe a kansa. Der, die, das. Duk wanda ya fara Jamusanci nan yake fara kuka. Mu Hausawa ma muna da sa'a, don mun san kalma tana da jinsi, muna cewa rana ta fito, wata ya fito, su ma haka ne, die Sonne mace, der Mond namiji, daidai da namu. To amma su suna da na uku wanda ba namiji ba mace, kuma yarinya, Mädchen, a nan suka saka ta, das ake ce mata. Hajiya kina dariya, wallahi haka yake, duk kalmar da aka liƙa wa chen na ƙanƙantawa a ƙarshe can take tafiya. Sannan ba a nan abin ya tsaya ba, wannan der die das ɗin yana canza kaya gwargwadon aikin da kalma take yi a jimla, hali huɗu ne, Nominativ, Akkusativ, Dativ, Genitiv. Ɗalibi sai ya zana tebur ya manna a bango ya haddace, ranar da zai yi magana da mutum tebur ɗin yana bango shi yana nan yana in-ina.

Waƙa fa? Waƙa ba ta ba ka kalma tsirara, tana ba ka ita da rigarta. Akwai waƙar Helene Fischer ta 2013 da kusan kowa a Jamus ya sani, sunanta kawai ya ishe mu darasi, Atemlos durch die Nacht. In wannan durch die Nacht ya zauna maka a kai, ka san dare mace ce a wajensu, die Nacht, ba sai ka tuna tebur ba. Wata rana a wata waƙar sai ka ji in der Nacht, sai ka ce kai, ya die ta koma der? Sai ka je ka buɗe littafi da tambaya a hannunka, ka ga ai Dativ ne. Kun ga bambancin? Kunne ya riga ya kama, littafi bayani kawai ya yi. Kuma wannan ba sabon abu ba ne a wajenmu, malamanmu na zaure da me suke koyar da nahawu? Alfiyyar Ibn Malik, baiti dubu, a rere ake haddace ta, dattijo mai shekara 70 ka taɓo masa ƙa'ida sai ya jawo maka baitin. To abin da nake so ku yi da der die das ke nan. Kar ka taɓa haddace kalma ita kaɗai. Kar ka taɓa. Ka ɗauko ta da layin da ka ji ta a ciki, ka rubuta layin a littafinka, ka rera shi kana wanke-wanke ko kana kan babur.

Af, lissafi ma haka ne, na kusa mantawa. Su suna fara faɗin ƙaramin adadi kafin babba, 99 a wajensu tara da casa'in ne, neunundneunzig, kamar dai Larabci. Waƙar Nena ta 1983, 99 Luftballons, wadda ta kai matsayi na biyu a Amurka da Jamusancinta, ita ta koya wa mutane da yawa wannan juyin.

Na nawa muke? To na ƙarshe dai, zaɓe. Kar ku fara da rap, gudu gare shi kuma cike yake da maganar titi da aron Turkanci da Larabci. Ku fara da Schlager, wato waƙoƙin nishaɗi masu sauƙi irin na Helene Fischer, kalmominsa a fili suke. DW da kuke saurara da Hausa daga Bonn suna da darussan Jamusanci kyauta a intanet, har da wanda suka yi da ƙungiyar mawaƙa ta EINSHOCH6. Sannan a kula, waƙa kusan kullum du take cewa, wato "kai" ko "ke" na sabo, kai kuma in ka shiga ofis ko ka tsaya gaban likita Sie na girmamawa za ka ce, in ba haka ba ka yi rashin ladabi.

Na ga hannu, bismillah ɗan'uwa.

(Tambaya daga cikin masu sauraro: Malam, wanda ba ya sauraron kiɗa fa, ya zai yi?)

Tambaya mai kyau, kuma na san ba kai kaɗai ba ne a ɗakin nan. Abin da ke aiki maimaici ne da rerawa, ba ganga ba. Akwai waƙoƙin yara na koyon haruffa da ranakun mako da za ka rera da bakinka kawai, akwai kuma labaran DW da ake karantawa a hankali don masu koyo, ka ɗauki jimla biyu ka yi ta bi kamar yadda ake biya allo. In jarrabawar A1, wato matakin farko, ta cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe-Institut kake nufi, wadda ake nema wajen bizar bin miji ko mata, akwai sashen ji da sashen magana, kuma wannan biyawar za ta yi maka aiki a duka biyun. An kira sallah ko? To mu tashi, sauran tambayoyi bayan mun idar.