Darasi: Yadda Thomas Bewick Ya Sassaƙa Hotunan Tsuntsaye a Kan Itace

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Darasinmu na yau yana kan hotunan tsuntsaye da dabbobi da ake sassaƙawa a kan itace a Ingila, kuma za mu tsaya ne a kan aikin Thomas Bewick, wanda aka haifa a shekarar 1753 a yankin Northumberland, ya fara koyon sana'a yana ɗan shekara 14 a wurin Ralph Beilby, wani mai sana'ar zane a kan ƙarfe, a birnin Newcastle.

Duk wanda ya taɓa buga hatimi a takarda ya riga ya san tushen aikin. Wurin da ya yi tudu shi ne yake ɗaukar tawada ya fito baƙi, wurin da aka ƙwaƙule kuwa ya fito fari. Saboda haka masassaƙin ba ya zana baƙin layi kamar mai alƙalami. Duk inda ƙarfensa ya bi, haske yake buɗewa a cikin duhu. A ganina, wanda bai fahimci wannan ba zai kalli hoton Bewick ya yaba, amma ba zai gane inda wahalar take ba.

Masu sassaƙar hotuna na da suna tsaga itace a tsaye su yanke shi da wuƙa, sai jijiyoyin itacen su riƙa jan wuƙar gefe. Shi kuwa Bewick a gicciye yake yanka itacen, ya yi aiki a kan fuskar da zoben shekarun bishiya suke bayyana, kuma itacen da ya zaɓa shi ne wanda Turawa ke kira boxwood, mai tsananin tauri da santsi. A kan wannan fuska, siririn ƙarfe mai tsini irin na masu zane a kan jan ƙarfe yana iya tafiya ta kowace kusurwa ba tare da itacen ya ɓare ba. Ana ɗora guntun a kan ƙaramin matashin fata mai cike da yashi, ana juya shi da hannun hagu yayin da hannun dama yake tura ƙarfen. Layuka sirara da ke kusa da juna su ne suke ba da launin toka-toka na gashin ƙirjin tsuntsu. Bewick yakan kuma ɗan rage tudun wasu sassa domin tawadarsu ta fito da sauƙi, abin da ke nesa ya zama kamar yana cikin hazo.

Da yake tsayin guntun daidai yake da na haruffan maɗaba'a, akan buga hoto da rubutu a lokaci guda, abin da ya rage tsadar littafi ƙwarai. Haka aka buga littafinsa na dabbobi masu ƙafa huɗu a 1790, sannan History of British Birds, wato littafinsa na tsuntsayen Birtaniya, juzu'in tsuntsayen tudu a 1797, na tsuntsayen ruwa a 1804. Ya fi son ya zana tsuntsu mai rai ko wanda aka harbo ba da jimawa ba, domin busasshen tsuntsun da aka cusa wa ciko yakan ɓata ainihin tsayuwarsa. A darasi na gaba za mu ɗauki hotonsa na 1789 na bijimin Chillingham, wani gari a yankin Northumberland, mu bi layukan gashin wuyansa ɗaya bayan ɗaya.