Daren da suwic ya daina jin kwantirola

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙugin da kuke ji, fankokin sabobi ne, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima, ba damar kashe su. Ina cikin cibiyar bayanan da nake aiki a nan Frankfurt, ƙarfe biyun dare ta gota.

Bari in matso da kyamara. Kun ga wannan sabar? Kwamfutocin manhaja ne cike a cikinta, wato kwamfutoci marasa jiki, abin da ke haɗa su ya kuma kai saƙonni tsakaninsu shi ne suwic, shi ma marar jiki, mai suna Open vSwitch. A tsarinmu ba shi yake yanke hukunci ba. Akwai kwantirola, wato manhajar da ke ba shi umarni, can a wani layin sabobin, ita ke ce masa fakiti kaza, wato ƙunshin bayanai kaza, ya wuce, kaza a tare shi. Saƙonnin da ke tsakaninsu 'yan mitsi-mitsi ne, amma kebul ɗaya suke bi da manyan kaya.

To, makon jiya aikin kwafin ajiya ya yi karo da ƙaurar kwamfutoci daga saba zuwa saba, hanya ta cika maƙil. Shi suwic ɗin nan, in ya yi daƙiƙa 5 bai ji ɗuriyar kwantirola ba, sai ya aika ɗan saƙo ya ji ko tana nan. In wasu 5 suka wuce shiru, ya yanke haɗin ya sake nema. Haka suka yi ta yi har asuba. Tsofaffin kwamfutoci na aiki da dokokin da suka riga suka samu, sababbi kuwa sun tashi ba hanyar fita.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, Open vSwitch da kansa yana sa wa waɗannan saƙonni tambarin DSCP 48 tun daga fitowa, wato lambar fifiko da ake rubutawa a jikin fakiti, lambar da ake ware wa saƙonnin tafiyar da hanyar sadarwa. To me ya hana a ba su hanya?

Ku dubi allon nan. Wannan tcpdump ne, manhajar da ke nuna fakitin da ke wucewa, a bakin sabar, kun ga inda aka rubuta 0xc0? Shi ne 48 ɗin a irin rubutun tcpdump. Ga kuma fakitin a lokacin da ya isa wurin kwantirola: 0x0. An goge. Ashe suwic na ƙarfe da ke saman wannan akwatin, wancan mai koren fitila, an saita ƙofarsa kada ta yarda da tambarin kowa. Duk abin da ya shigo sai ta mai da shi sifili, ya bi layin gama-gari. Da layin ya cika, aka zubar da shi tare da sauran.

Wani abokin aikina ya ce mu dogara da CoS kawai, wani tambarin fifiko na daban. Na ce a'a, shi cikin alamar VLAN yake zaune, alamar da ke raba hanya ɗaya zuwa rukuni-rukuni, daga 0 zuwa 7. Fakitin da ba alama ba shi da inda zai ɗauke shi, in kuma ya ratsa rauta, na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwa daban-daban, alamar ta canza.

Abin da muka yi, ƙofar yanzu tana yarda da 48 ne kaɗai idan saƙon na zuwa adireshin kwantirola. Muka ware masa layinsa da ɗan kaso na hanya, muka bi kowane suwic da ke tsakani ɗaya bayan ɗaya, don guda ya manta an koma gidan jiya. Kwamfutocin masu hayar wuri a sabobinmu kuwa ba mu yarda da tambarinsu, in ba haka ba kowa sai ya sa wa kayansa 48. Ƙaurar kwamfutoci ma na hana a saka ta a layin, don BGP, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi, shi ma nan yake bi, ita kuwa in ta taso ba ta barin wuri.

Yanzu zan cika hanyar da gangan da iperf3, manhajar gwajin ƙarfin hanya. Ku zuba ido kan wannan lambar ta fakitin da aka zubar a layin da muka ware wa saƙonnin kwantirola. Sifili take. Bari in danna.