Yadda ake kai daskararren samfuri daga asibiti zuwa asibiti ba tare da busasshiyar ƙanƙara ba

An gabatar da wannan lacca ga ma'aikatan ɗakunan gwaji da direbobin da ke kai musu saƙo a Agege, Legas, aka rubuto ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa ma'aikata, barkanmu da warhaka.

Busasshiyar ƙanƙara iskar kabon ce da aka daskarar, sanyinta digiri 78.5 ƙasa da sifiri, kuma ba ta narkewa ta zama ruwa, tashi take yi ta bi iska. Shi ya sa ba ta ajiyuwa. A saye ta yau, jibi sai a tarar da kwali kusan wayam. Ga tsada, ga neman mai sayarwa. To samfurin majiyyaci ba zai jira ba, dole a san wata dabara.

Tambayar farko, kafin a taɓa kula, wato akwatin sanyi: shin gwajin nan yana bukatar daskarewa? A buga wa ɗakin gwajin da zai karɓa waya a ji. Jinin da za a ƙirga ƙwayoyinsa ba a daskarar da shi, domin jajayen ƙwayoyin fashewa suke yi. Ruwan laka da za a shuka don neman ƙwayar sanƙarau ko firji ba a sa shi, sanyi kashe ta yake. Gwajin HIV na jarirai kuwa ɗigon jini ne a kan takardar tacewa, a busar, a sa a leda da maganin laima, ya tafi haka nan. Wanda ya rage shi ne ruwan jinin da aka ware, na gwajin daskarewar jini ko ƙirgen ƙwayar cuta ko wasu sinadaran jiki da ke saurin lalacewa. A kansa za mu tsaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ciro robar ƙanƙarar ruwa daga firiza mai -20, a jefa a kula, a ɗauka kular ta zama -20. Ba haka lissafin yake ba. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shan zafi kusan kilojul (ma'aunin yawan zafi) 42 ne kawai daga -20 zuwa sifiri, amma wajen narkewa a kan sifiri yana shan 334. Wato kusan duk ƙarfinta a kan sifiri yake. Cikin ɗan lokaci kular za ta hau sifiri ta zauna can, ruwan jini kuwa yana fara narkewa kaɗan ƙasa da sifiri. Sai ka buɗe ka ga ƙanƙara da sauranta, hankalinka ya kwanta, alhali samfurin ya riga ya saki. Ku riƙe wannan: kowace ƙanƙara tana tsare kula ne a kan digirin da take narkewa.

Saboda haka muna neman abin da ke narkewa can ƙasa. Mafi sauƙi shi ne ruwan gishiri. A zuba gishirin girki giram 300 a lita ɗaya ta ruwa, a motsa har ya narke duka. Wannan haɗi yana narkewa ne a wajen -21. A ɗura a robobi masu faɗi da murfi mai kyau, kada a cika, a bar kashi ɗaya cikin biyar saboda kumburi. Akwai na kamfani da aka rubuta -21 a jikinsu, aikinsu ɗaya. Sai dai ga inda ake faɗuwa: firiza mai -20 ba za ta daskarar da shi ba. Yana bukatar -25 zuwa -30, ko firizar -80 idan akwai, kuma a ba shi kamar kwana biyu. A girgiza robar kusa da kunne. In an ji motsin ruwa, ba ta yi ba. Da yanayin wutarmu, a tambayi mai kula da janareta ko firizar ta kwana a kunne.

In abu ya zo da gaggawa, a sayi bulon ƙanƙara a farfasa, a haɗa awo uku na ƙanƙara da awo ɗaya na gishiri, a ƙulle a leda mai kauri ninki biyu. Shi ma yana sauka kusa da -20, amma ba ya daɗewa, kuma ruwan gishiri yana goge rubutu. Na tafiya gajera ne kawai, kamar daga Idi-Araba zuwa Yaba.

Yanzu shirya samfurin. A juye ruwan jinin a ƙaramar kwalbar roba mai murfin murɗawa. Gilashi tsagewa yake, murfin turawa kuma yana ɓallewa. Kada ya wuce kashi uku cikin huɗu na kwalbar. A rubuta suna da lamba tun kafin a daskarar, takarda ba ta kama jiƙaƙƙiyar roba. A raba gida biyu, a aika ɗaya, a ajiye ɗaya, domin in hanya ta ɓaci ba sai an sake kiran majiyyaci a soke shi da allura ba. Sannan a daskarar da kwalbar a karkace. Idan ta isa aka ga saman ruwan ya miƙe, to ya narke a hanya ya sake kamawa, kuma wajibi ne a rubuta hakan a takardar karɓa.

Marufi hawa uku ne: kwalbar kanta, sai auduga ko takarda mai tsotse ruwa da za ta iya shanye duk abin da ke ciki, a sa su a gwangwani ko leda da ba ta yoyo, sai akwatin waje mai ƙwari da alamar UN3373, wato lambar safarar samfurin majiyyaci. Takardun majiyyaci a ledarsu daban. Akwatin ya kasance na soso mai kaurin santimita 5 ko fiye, ƙarami gwargwadon kaya. A sanyaya shi tukuna da wasu robobi na rabin awa, a cire su, a sa sababbi a ƙasa da gefe huɗu da sama, samfuri a tsakiya, a toshe duk wani sarari da takarda, a naɗe bakin murfi da salatif. Ma'aunin zafi mai ajiye bayani ya kwanta jikin samfurin, ba jikin ƙanƙara ba.

Ni a ganina, bai halatta a fara ɗora jinin mutane a akwatin da ba a gwada ba. A shirya shi da kwalaben ruwa, a ajiye a mota da rana, a duba awa nawa ya yi kafin ya haura -15. In tafiyar awa biyu ce, akwatin ya iya shida. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce, amma duk wanda ke bin ta ya san agogo ba ya aiki da kilomita a garin nan, balle mai tasowa daga Ikorodu ko Badagry. A fita da asuba, a guji yammacin Juma'a, a tabbatar akwai mai karɓa da makullin firiza a hannunsa. Direbobinmu, akwati a cikin mota inda iska take, ba a but ba. Mai babur ya nisanta shi da salansar babur, kuma kada kowa ya buɗe don leƙawa.

Wata ma'aikaciya ta tambaya: Malam, samfurin da ke zaune a -80 fa?

Hajiya, ruwan gishiri bai kai nan ba. Wannan sai tulun nitrojin na tafiya, wanda bangonsa ke tsotse ruwan nitrojin mai sanyin -196. A cika shi tun jiya, a tsiyaye ragowar da safe, a auna nauyinsa don a san ya sha, a riƙe shi a tsaye. Yana riƙe ƙasa da -150 na kwanaki. Amma kada a ɗauki ruwan nitrojin tsagwaronsa a mota rufe, lita ɗaya tana zama iska kusan lita 700, ta kore iskar numfashi ba tare da wari ba. Idan babu tulun, a nemi izinin masu karɓa a rubuce cewa gwajin zai jure -20 na 'yan awanni. In sun ce a'a, samfurin ya zauna a firizarsa har a samu.